Darasi na 9: Renon Matasa a Legas, daga Hanyar Gida zuwa Ƙofar Jami'a

Yaro ɗan shekara 13 zuwa 19 ya wuce a riƙe masa hannu a tsallaka titi, amma bai kai a sakar masa ragama ba. A wannan tsakanin ne iyaye suka fi rasa yadda za su yi. Jiya yana bin ka masallaci, yau ya fi ka tsawo, muryarsa ta buɗe, ka yi magana ɗaya ya yi biyu.

A Arewa mun saba cewa ɗa na kowa ne. Yaro ya yi ba daidai ba a bakin kasuwa, kafin ya iso gida wani dattijo ya ja masa kunne, labari kuma ya riga shi zuwa. A Agege da Idi-Araba da Obalende akwai sauran wannan, domin Hausawa sun daɗe a can, an san juna, ga masallaci, ga fadar sarkin Hausawa. Amma da zarar yaro ya hau danfo, wato motar haya ta Legas, ya sauka Oshodi, babu wanda ya san ɗan wane ne. Iyaye kuma neman abinci ya ɗauke su. Mai sayar da tumatur a Mile 12 kafin asuba ya fita, mahauci a mayankar Oko-Oba haka nan, maigadi kuwa lokacin da yara suke dawowa shi yake shirin tafiya.

Kunya da magana

Muna da al'adar alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba ba ya zama hira da 'yarsa budurwa. A gida wannan bai cika yin illa ba, saboda akwai gwaggo da inna da kawu da kaka. Su ne suke yi wa yarinya bayanin jinin al'ada, su ne suke jin labarin wanda ya tare ta a hanya, su ne suke jan yaro gefe idan ya fara balaga. To a Legas gwaggo tana Katsina, kaka tana Sakkwato. Aikin da suke yi ya zauna babu mai yi, kuma idan iyaye ba su ɗauka ba, waya da abokai za su ɗauka.

Ban ce a yar da kunya ba. Wanda nauyin bakin ya yi masa yawa, ya nemi wani babba amintacce: yayar yarinya, malamar Islamiyya, aminin uba da aka daɗe tare. A gaya wa yaron a fili cewa ga wanda zai je wa da duk abin da ya kasa faɗa a gida. Amma abu ɗaya ba a wakilta shi. Dole yaro ya ji daga bakin iyayensa cewa duk halin da ya shiga, ko da laifinsa ne, ya kira gida, za a je a ɗauko shi, faɗa kuma sai gobe. Yaron da ya fi tsoron bulalar gida a kan haɗarin titi, in dare ya yi masa ba zai kira ba. Zai hau kowace mota, zai bi kowane lungu don ya riga uba isa gida, ko ya kwana inda ba a sani ba. Yawancin abin da za mu koya a ƙasa ba zai yi aiki ba sai an fara gyara wannan.

Hanyar dawowa gida

A Legas rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da rabi zuwa 7 kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Yaron da ya tashi darasin yamma ƙarfe 5, in cunkoso ya kama shi, sai bayan magariba. Saboda haka a yanka masa lokacin dawowa da lissafin cunkoso a ciki.

Uba ko uwa su bi hanyar tare da yaron ko sau ɗaya, da ƙafa, a irin lokacin da yake dawowa. Da idonka za ka ga inda fitila take da inda babu, inda 'yan shaye-shaye suke taruwa, inda kwata take a buɗe. Ku zaɓi wurare biyu da zai iya fakewa in ya ga ana bin sa: shagon mai shayi da aka sani, kemis, gidan mai, masallaci. Ka gabatar da shi ga mai wurin. Hanya mai nisa da jama'a ta fi gajeriya mai duhu, gefen layin dogo da ƙarƙashin gada kuwa a bar su bayan magariba. Da damina, musamman Yuni da Yuli, ruwa yana rufe kwata har ba a gane bakinta, don haka kada ya ratsa ruwan da bai ga ƙasansa ba.

Manyan tituna irin Ikorodu Road da hanyar Legas zuwa Abeokuta suna da gadojin masu tafiya da ƙafa. Tsallaka titin a guje laifi ne, ana kama mutane a kai, kuma mota ba ta tsayawa. Yara suna ƙyashin hawa matakala. A nace musu.

Sai maganar 'yan wan-cans, ɓarayin da suke shiga mota kamar fasinjoji. Sukan tsaya a gefen titi, ba cikin tasha ba, da sassafe ko da dare, su kira unguwar da kake so da kuɗi mai rahusa. Wani lokaci har da mace a cikinsu don hankali ya kwanta. In mota ta tashi sai su karɓe waya, su tilasta wa mutum faɗin lambar sirrin katin banki, su jefar da shi a hanya. Maganin shi ne a shiga mota a tasha, inda ake lodi a layi, ko a hau babbar bas ta BRT da katin biyan kuɗin mota na Cowry. Mutanen Agege yanzu suna da jirgin ƙasa na jan layi (Red Line), wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, da wannan katin ake hawansa. In kuwa ƙaddara ta faɗa, ka gaya wa ɗanka tun yau: ya miƙa wayar. Yara da yawa suna kokawa da ɓarawo ne don tsoron abin da uba zai ce a kan wayar da ya saya da guminsa.

Da yawa cikinmu da acaɓa muke ciyar da iyali, ban raina sana'ar ba. Amma yaro ya san cewa tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. A waɗannan wurare fasinja ma ana iya kama shi.

Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, kyauta ake kiransu. Yaro ya haddace su, ya kuma haddace lambar uwa da ta uba, domin waya tana mutuwa, ana kuma sace ta. A ba shi kuɗin mota na ko-ta-kwana ya ɓoye daban da na aljihu.

Karatu: mutum biyu su karanta a bayyane

'Ya: Salamu alaikum. Umma, ni ce. Wayata ta mutu, ta mai kemis na ara.

Uwa: Wa alaikumus salam. 'Yar nan, kina ina? Lafiya dai?

'Ya: Lafiya lau, Umma. Ruwa ne ya tsare mu, ga shi babu mota a tasha. Wata ta tsaya a bakin titi, ban yarda da ita ba.

Uwa: Kin yi daidai. Kada ki motsa daga nan. Yayanki zai zo yanzu. Ba ni mai shagon in yi masa godiya.

'Ya: To, Umma. Baba zai yi faɗa?

Uwa: Shi ya ce in dare ya yi ki kira. Zauna ciki, Allah Ya yi miki albarka.

Abokai, ƙwaya da ƙungiyar asiri

Ka san abokan ɗanka da sunansu da gidajensu. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar su su shigo, a zuba musu abinci. Wanda aka kora daga ƙofar gida, a bayan layi za a riƙa haɗuwa da shi.

Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma bai ɓace ba, ga tiramol, ga wiwi da ake haɗawa da wasu sinadarai. Alamun da za a lura da su: barci ba lokacinsa ba, jan ido, kuɗi suna ɓata a gida, ko kuma kuɗi da sabuwar waya da ba a san tushensu ba. Na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro, domin wasu iyaye murna suke yi. Ka tambaya. Yaron da ba ya sana'a ba ya samun kuɗi haka kawai. A 2021 Jihar Legas ta yi dokar da ta yanka ɗaurin shekara 21 ga ɗan ƙungiyar asiri, kuma tun daga sakandare ake fara jan yara. In ka gano shaye-shaye, duka da kora ba sa raba shi da shi. A kai shi asibiti, cuta ce da ake magani.

Idan aka ci zarafin yarinya ko yaro, kada kunyar duniya ta sa a rufe. Kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, a tafi asibiti nan da nan, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin kwana 3 yake aiki. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja tana duba irin waɗannan kyauta. Laifin na wanda ya aikata ne, yarinyar ta ji haka daga bakin uwarta.

Shiga jami'a

Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi ga mafi yawan fannoni, sannan a rubuta JAMB, darussa 4, maki 400. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, kada a yar.

A nan karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Ku ɗauko takardar haihuwa, ta NIN da ta WAEC ku jera, ku duba sunan harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a ta uku, wannan kaɗai yana iya tsayar da rajista. Ranar haihuwa ma ta zama ɗaya. A nemi takardar shaidar ƙaramar hukumar asali da wuri, domin makarantu suna tambayarta. Gurbin karatu ta shafin JAMB yake fitowa, ɗalibi ya shiga ya amsa da kansa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa ya samo maka gurbi, ka riƙe kuɗinka.

Jami'ar Legas tana Akoka, Jami'ar Jihar Legas (LASU) tana Ojo, kwalejin fasaha ta Yabatech tana Yaba. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, da yawa haya suke kamawa a kewaye. Ka je ka ga ɗakin, ka san abokin zamansa, ka karɓi lambar mai gidan. Ɗalibi Musulmi ya nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, Kirista ya nemi taron addu'a na ɗalibai, don ya sami na gari tun makon farko. Wanda kuɗi suka yi wa wuya, tun 2024 akwai bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya.

Ku yanka masa kuɗin wata gwargwadon ƙarfinku, ku faɗa masa gaskiyar abin da kuke samu. Ku sa ranar waya, ko Juma'a bayan masallaci. In ya faɗi wani darasi, ya faɗa muku a zangon farko ya fi ku ji a shekara ta huɗu. 'Ya mace kuwa kada nisan Ojo ko Akoka ya sa a hana ta. A shirya ta kamar yadda aka shirya ɗan'uwanta, a kuma tuna asibitocinmu suna neman likitoci mata.

Aikin aji da na gida

A cikin aji, ku tattauna: a gidanku wane ne yaro yake kai wa maganar da ba ya iya faɗa wa uba? In babu, wa za a sa?

A littafinka, rubuta sunan tashar da ɗanka yake hawa mota da wadda yake sauka, da wurare biyu da zai iya fakewa. A wata 'yar takarda, rubuta 112, 767, lambarka da ta wani babba ɗaya, ka ba shi ya sa a jakar makaranta. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardun ɗansa guda biyu, za mu gwada rubutun sunayen tare.