Kurakuran da aka fi yi game da baƙin zalaiɗu, tsuntsun da ba ya renon 'ya'yansa

Daga tsakiyar damina zuwa bayan kaka, duk wanda ya ɗaga kai a wuraren da ke da sauran bishiyoyi da ciyayi a birnin Kano, kamar tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ko gefen badala, yana iya ganin wani ɗan tsuntsu baƙi ƙirin a kan wayar lantarki ko a ƙololuwar bishiya yana ta kuka tun da hantsi. Tsawonsa santimita 11 zuwa 12 ne, bakinsa fari, ƙafafunsa jajaye, idan rana ta haske shi kuma sai jikinsa ya ɗauki ƙyalli irin na rawani ɗan Kura. Ɗan'uwan zalaiɗu ne, sai dai ba shi da doguwar jela, masana kuma suna kiransa Vidua chalybeata. Shi da danginsa jinsi 19 ne, asalinsu duka Afirka ce kudu da Sahara, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke gina sheƙa ko kwanci. Yawancin kurakuran da ake yi a kansa daga rashin sanin wannan hali suke tasowa.

Wanda aka fi ji shi ne cewa tsuntsun baƙon damina ne, da rani ya shigo sai ya yi ƙaura. Yana nan bai je ko'ina ba, tufafi kawai ya sake. Idan lokacin barbara ya wuce, namijin yakan zubar da baƙin gashinsa ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, daidai da launin da macen take da shi duk shekara, har mai kallo ya ɗauka 'yar gwara ce. Maganin wannan shi ne a dubi yadda yake kiwo. Yakan yi ɗan tsalle gaba ya ja ƙasa baya da ƙafafu biyu a lokaci guda domin ya tono ƙwayar ciyawa, gwara kuwa tsinta kawai take yi.

Daga nan sai neman sheƙarsa, wanda wahalar banza ce. Macen tana saka ƙwanta ne a sheƙar jan beni, ɗan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki a gindin turmi. Jan benin ne yake dunƙula busasshiyar ciyawa ya bar ƙofa a gefe, ya shimfiɗa gashin kaji a ciki, a jinkar ɗaki, ko ramin katanga, ko cikin shinge. Ƙwan duka biyun farare ne, na baƙon ya ɗan fi girma kaɗan, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 11 zuwa 12. Saboda haka idan aka ga jan beni yana ciyar da wani ɗa wanda ya ɗan fi sauran jiki, ba auratayya aka yi tsakanin jinsunan biyu ba, agola ne.

Kuskure mafi ɓarna shi ne zaton cewa wannan agola yana kashe 'ya'yan gida. Mutane sun ga bidiyon ɗan tsuntsun kuku na Turai yana tura ƙwan mai sheƙa waje da bayansa, ko sun ji labarin ɗan tsuntsun da ke nuna wa mutane wurin zuma, wanda yake sassare 'yan sheƙa da ƙugiyar bakinsa, sai suka haɗa kowa a kwando ɗaya. Wasu ma, da niyyar taimako, sukan sa hannu a sheƙar su cire ƙwan da suke zargi. Ɗan baƙin zalaiɗu ba ya jefar da kowa. Tare suke girma da 'ya'yan beni, tare suke fita daga sheƙa bayan kusan mako biyu da rabi, har su ci gaba da bin iyayen suna roƙon abinci. Dabararsa a cikin baki take: 'ya'yan beni suna da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ganda da 'yan ƙulli masu haske a gefen baki, waɗanda iyaye ke gani a cikin duhun sheƙa kafin su amayo musu abinci, shi kuma baƙon yana ƙyanƙyashewa da irin wannan zane ɗin. Wani Bajamushe, Jürgen Nicolai, ya yi cikakken bayanin wannan kamanni a 1964. Ba a ce babu asara ga mai sheƙa ba, domin ƙarin baki ƙarin nauyi ne. Amma hannun mutum ya fi haɗari, tunda ƙwan sun yi kama ƙwarai, yawan taɓa sheƙa kuma kan sa iyaye su guje ta gaba ɗaya. Abin da ya dace shi ne a tsaya daga nesa a yi kallo.

Su ma masu sha'awar kallon tsuntsaye da tabarau mai jawo nesa suna da nasu kuskuren, wato dogaro da launi. A cikin dangin, baƙaƙen zalaiɗu jinsi 10 ne, da yawa daga cikinsu ana samunsu a Nijeriya, kuma ƙyallin da ido ke gani shuɗi yanzu yana iya komawa kore idan rana ta juya. Kunne ne alƙali a nan. Namiji yana koyon kukan tsuntsun da ya rene shi, idan ya girma sai ya riƙa cusa shi a cikin nasa. Macen ita ma tana zaɓen namijin da ke kukan gidan da ta tashi, sannan ta nemi irin wannan sheƙa ta saka ƙwai. Robert Payne na Jami'ar Michigan da ke Amurka ya gwada wannan, ya sa wani ɗan tsuntsun keji ɗan asalin Asiya ya reni 'ya'yan baƙin zalaiɗu. Mazan suka tashi da kukan sabon mariƙin, matan suka fi son mazan da ke wannan kuka, suka kuma saka ƙwai a sheƙarsa. A 2003 Michael Sorenson da abokan aikinsa, har da Payne, suka nuna ta binciken ƙwayoyin gado cewa ta irin wannan sauya mariƙi ne sababbin jinsuna suke ɓullowa a cikin dangin. A tudun Jos ma, kukan wani baƙin zalaiɗu ne ya ja hankali ga wani jan beni na cikin duwatsu da ba a san shi a littattafan kimiyya ba, aka sa masa suna a 1998. Don haka mai son tantancewa a Kano ya fara da haddace kukan jan beni, sannan ya ɗauki kukan namijin a wayarsa na 'yan mintoci, wanda ba shi da wuya, tunda yakan lazimci reshe ɗaya kwana da kwanaki.

Sai dai kada a shafa wa dangin duka wannan hukunci. Zalaiɗu mai jan baki da launin baƙi da fari, wanda gashin jelarsa huɗu kan ƙara masa kusan santimita 20, shi ma a sheƙar wasu yake saka ƙwai, amma ba ya kwaikwayon kukan mariƙinsa.

Akwai kuma masu sayensa a keji saboda kyau, su yi fushi idan ya koɗe bayan 'yan watanni, su ce an yi musu rini. Ba a cuce su ba, lokacin sake gashi ne ya zo. Wasu sukan haɗa namiji da mace su zuba musu ciyawa suna jiran sheƙa, alhali ba za a ga ɗa ba sai an sa musu jan beni da ke cikin nasa kwancin, hakan kuma yana buƙatar babban keji da ƙwarewa. Wanda yake son ganinsa a gida ya watsa tsakin gero ko acca a wani lungu, ya ajiye ruwa a kasko inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba, ya kuma bar ɗan shinge ko ciyawa da jan beni zai samu wurin sheƙa.