Yadda Ake Haɗa Katin Sunan Baƙi da Lambar Tebur da Hannu Don Walimar Biki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin taro a daren walimar biki a Birnin Kebbi ya san abin da ke faruwa idan ba a tsara wurin zama ba. Matasa ne ke riga kowa isowa su cika teburan gaba, sannan bayan sallar isha'i sai ga gwaggon ango da ta taso tun daga Yauri ta shigo da tawagarta, a rasa inda za a zaunar da ita, har a kai ga tayar da wani daga kujera a gaban jama'a. Katin suna da lambar tebur su ne ke hana irin wannan abin kunya, kuma mutum zai iya haɗa su a gida da kwali da almakashi, ba sai ya kai aikin wurin masu buga takardu ba.

Kafin a yanka kwali ko ɗaya, sai a fara yanke shawarar waɗanda za a rubuta wa suna. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, domin sukan ga hotunan bukukuwan wasu ƙasashe inda kowace kujera take da sunan mai ita, su ce haka za su yi. Bikinmu ba ya ɗaukar wannan tsari. Wadda aka gayyata ita kaɗai za ta zo da ƙanwarta da maƙwabciyarta, kuma babu gidan mutunci da zai mayar da su daga ƙofa. Saboda haka shawarata ita ce a keɓe tebur uku ko huɗu kawai na iyaye da dattawa da masu sarauta a rubuta musu suna ɗaya bayan ɗaya, sauran teburan kuwa a ba su kati guda mai sunan rukuni, kamar Dangin Uwar Amarya, Ƙawayen Amarya, Abokan Ango, Abokan Aiki ko Maƙwabta, sannan a bar tebur biyu ko uku da lamba kawai domin waɗanda Allah ya kawo. Idan ana sa ran mutum 200 kuma kowane tebur yana ɗaukar mutum 10, tebur 20 ke nan, amma katin sunan mutum ɗaya-ɗaya da za a rubuta, ban da na rukuni, bai wuce 40 ba, sai a ƙara guda 10 babu rubutu a ajiye saboda ɓacin rana.

Jerin sunayen shi ne ya fi komai bukatar natsuwa. Kada mai haɗa katin ya rubuta shi daga kansa, ko da kuwa ɗan gida ne. A samu babba guda daga ɓangaren amarya da babba guda daga ɓangaren ango, kowane ya bayar da sunayen mutanensa a rubuce, tare da laƙabin da kowa yake amsawa. Wanda ya sauke farali a rubuta masa Alhaji ko Hajiya, malami a rubuta masa Malam, wanda kuma yake riƙe da sarauta, ko Marafa ne ko Ubandoma ko Magajin Gari, a rubuta sarautar tare da sunan garin, domin a masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru sarauta guda tana iya maimaituwa a garuruwa da dama, kuma ba abin mamaki ba ne masu sarauta iri ɗaya su haɗu a taro guda. Akwai kuma batun alkunya. Tsohuwar da dangi gaba ɗaya suke kira Inna ko Hajiya Babba, wadda jikokinta ma ba su san sunanta na yanka ba, ba za ta ji daɗin ganin sunan nan a tsaye a kan tebur a gaban surukanta ba. A rubuta mata abin da ake kiran ta da shi a gida, idan kuma akwai biyu masu laƙabi ɗaya a bambanta su da unguwa ko gari.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ana samun su a shagunan sayar da kayan rubutu da wuraren fotokofi. Ana bukatar kwali mai kauri girman A4, wanda nauyinsa ya kai giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita (abin da ake rubutawa gsm a jikin kunshinsa), domin takardar fotokofi ta yau da kullum giram 80 ce kuma ba ta iya tsayuwa da kanta. A zaɓi wanda fuskarsa ba ta sheƙi, saboda tawada tana jinkirin bushewa a kan mai sheƙi, hannu yana taɓa ta sai ta shafe. Sai rular ƙarfe, fensir da abin goge shi, almakashi ko sabuwar reza, gam, alƙalamin maka mai siririn baki, da tsohon biro wanda tawadarsa ta ƙare.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuma 29.7. Idan aka auna kowane kati a kan faɗin santimita 10 da tsawon santimita 9, takarda ɗaya za ta fitar da kati 6, biyu a kwance uku a tsaye, ke nan takarda 9 ta isa kati 50 har da ragowa. A ja layukan da fensir a bayan kwalin, a ɗora shi a kan katako ko tsohon kwali, a danne rular sosai, a bi gefenta da reza sau biyu ko uku a hankali maimakon a nemi yankewa da bugu ɗaya. Da zarar an ga gefen ya fara yin gashi-gashi, rezar ta dakushe, a canza ta.

Wurin naɗewa shi ne yake bambanta aikin da ya yi kyau da wanda bai yi ba. Kwali mai kauri idan aka lanƙwasa shi da hannu kai tsaye yakan tsage a bakin naɗin, ko ya karkace har katin ya ƙi zama daidai. Maganin wannan shi ne a auna tsakiyar katin, wato santimita 4.5, a ɗora rula, a ja tsohon biron nan a kan layin da ɗan ƙarfi har ya bar gurbi ba tare da ya huda ba. Kada a naɗe tukuna. Rubutu ya fi sauƙi idan katin yana shimfiɗe, don haka sai an gama rubutu da ado sannan a naɗe shi ya tsaya kamar rufin tanti.

A wajen rubutu, a ja layi biyu marasa nauyi da fensir a rabin katin na ƙasa, tazarar santimita ɗaya da rabi, a fara zana sunan da fensir daga harafin tsakiya zuwa gefe biyu domin ya zauna a tsakiya, sannan a bi da maka. Laƙabi ya zo a sama da ƙananan haruffa, suna ya zo a ƙasa da manya. A jira tawadar ta bushe sarai kafin a goge fensirin. Babban amfanin rubutun hannu a wurinmu shi ne haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa ake ganin Ɗahiru ya koma Dahiru, Ruƙayya ta koma Rukayya, wani lokaci ma wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Mai rubutu da hannu ba shi da wannan matsala, kuma ya kamata ya ba kowane suna lanƙwasarsa. Dattawan da suka fi sabawa da ajami kuwa, a nemi wani mai kyawun hannu ya rubuta musu sunan da ajami a sama, boko a ƙasa domin masu raka baƙi. Alƙalamin kara yana fitar da harafi mai kauri da siranta wanda maka ba ya iyawa, sai dai kada a yi amfani da tawadar allo, domin ita an yi ta ne don ta wanku, kuma raɓar kwalbar lemo mai sanyi kaɗai ta isa ta narkar da sunan. A tsoma alƙalamin a tawadar kwalba wadda ruwa ba ya wankewa, a gwada a kan guntun kwali tukuna.

Ado kuwa kaɗan ya isa. A karɓo ragowar ƙyallen anko daga wurin tela, a yanka siriri mai faɗin santimita ɗaya, a manna a gindin katin, da haka teburin zai dace da kayan da ke jikin mutane. Idan akwai mai zanen lalle a cikin dangi, a ba ta maka mai siririn baki ta zana 'yar fure a kusurwa ɗaya, domin hannunta ya riga ya saba.

Na koyi darasi a kan iska a bikin 'yar yayata, wanda aka yi a farfajiyar gida cikin watan Janairu. Mun kwana biyu muna rubutu, muka jera katunan da la'asar, amma kafin magariba iskar hunturu ta watsar da fiye da rabinsu, wasu a ƙasa cikin ƙura, har muka koma nuna wa mutane wurin zama da baki. Ko a cikin ɗakin taro, manyan fankoki suna yin irin wannan ɓarna. Tun daga ranar nake manna wani ɗan kwali mai faɗin santimita 2 a ƙarƙashin katin, ya haɗa ƙafafunsa biyu ta ciki, sannan in ɗora ƙaramar tsakuwa a kansa inda ba a gani. Wannan yana hana katin buɗewa ya kwanta, yana kuma hana shi tashi.

Lambar tebur aikinta daban ne, domin daga nesa ake neman ta. Masu rubuta alluna suna da ƙa'idar cewa duk santimita 2.5 na tsayin harafi ana iya karanta shi daga kimanin mita 3, saboda haka lamba mai tsayin santimita 7 za ta karantu daga wajen mita 8. A raba A4 gida biyu, kowane rabi a yi masa gurbi a tsakiya a naɗe, zai ba da fuska biyu masu faɗin santimita 14.8 da tsayin 10.5, ke nan takarda 10 ta isa tebur 20. A fara yanka lambobin 0 zuwa 9 a wani kwali dabam a riƙa zagaye su da fensir, don kada lambar wani tebur ta fi ta wani girma. A rubuta a fuska biyun duka, da baƙi a kan fari ko launi mai duhu a kan mai haske, domin ruwan zinare a kan farin kwali yana ɓacewa a hasken dare. A ja layi a ƙarƙashin 6 da 9 don kada a rikita su. Daga nan a samo tsagin gora ko tsinken tsire biyu a haɗe, tsawon santimita 35, a shafa gam a cikin naɗin, a sa sandar a tsakiya, a rufe, a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Wannan tsayi zai ɗaga lambar sama da kwalabe da kulolin abinci.

Gindin da zai riƙe sandar ana iya yin sa da gwangwanin madara da aka wanke aka naɗe da ƙyallen anko, amma ni na fi son 'yar ƙwarya, musamman mai zane, domin ta fi kama da namu kuma bayan biki tana da amfani a gida. Ƙwarya ba ta zama daram a kan tebur, don haka a murɗa mata ɗan gammo da ƙyalle. A cika ta da yashi mai ɗan danshi, a danna, a soka sandar har ƙasa. Na ga masu zuba ɗanyar shinkafa a maimakon yashi, kuma ban goyi bayan haka ba, ko da yake muna jihar da ake noma ta a fadamun Argungu da Suru, domin ƙarshenta zubarwa ake yi. Wanda yake son ƙarin ado zai iya yanka kwalin a da'ira ya ɗinke shi a tsakiyar ƙaramin faifai da zare da allura, ya ɗaure faifan a sandar.

Lamba ma tana iya jawo ƙorafi, domin wanda aka kai tebur na 14 yana iya ganin an fifita na tebur na 2 a kansa, kuma wannan ya fi tsanani tsakanin dangin uwa da dangin uba, ko a gidan da yake da mata fiye da ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara ƙirga daga bakin ƙofa, yadda teburan manya da ke kusa da amarya za su ɗauki lambobin ƙarshe, sai lambar ta zama alamar wuri kawai. Idan an raba ɓangaren maza da na mata, a bambanta launin kwalin, kowane ɓangare da nasa.

A fara yanka da haɗa lambobi mako biyu kafin biki, amma a bar rubuta sunaye sai saura kwana uku, lokacin da aka tabbatar da masu zuwa. Katunan kowane tebur a sa su a ambulan guda mai lambar teburin, a ajiye nesa da rana, domin zafin Maris da Afrilu yana sassauta gam idan aka bar kaya a cikin mota. Ranar walima, kada a jera su sai masu kwalliyar ɗakin taro sun gama shimfiɗa mayafan tebur. A manna babban kwali a bakin ƙofa mai nuna kowane rukuni da lambar teburinsa, a kuma ba mutum biyu da suka san fuskokin dangi kwafin jerin, ɗaya daga kowane ɓangare, tare da fararen katunan nan 10 da maka a aljihu.

Kada a rubuta aya ko bisimilla a kan katin tebur, domin miya za ta zuba a kansa kuma zai iya faɗuwa a taka. Sunaye irin su Abdullahi da Abdurrahman ma suna ɗauke da sunan Allah, don haka a wakilta yaro guda ya zagaya ya tattara katunan gaba ɗaya kafin masu shara su fara aiki. Waɗanda masu su ba su ɗauka ba a ƙone su a wuri mai tsabta, lambobin da ƙoren kuwa a juye yashin, a goge su, a ɗaure a leda a ajiye wa bikin da ke tafe a dangi.