Kurakuran masu ajiyar hatsi wajen sauraren labarin kasuwa

Duk kaka sai na ga matasan ƙauyenmu da suka fara ajiyar hatsi suna auna labarin kasuwa da mudun son ransu, kuma na gaji da yin shiru.

Mafi muni shi ne rungumar labarin da ya yi wa zuciya daɗi da watsi da wanda ya ɓata mata. A kakar 2024 na cika ɗaki da masara, domin tsadar shekarar ta sa na ɗauka farashi ba zai ƙara sauka ba. Tun a watan Yuli na ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, amma na ce zancen 'yan birni ne. Wani dattijo mai zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano duk mako ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi buhunan, ya ce, "Ɗana, rage kayan nan, manyan masu saye sun ja baya." Na ce, "To, Baba," alhali a raina ina zarginsa da hassada. Wanda kuwa ya ce mini kaya za su tashi bayan azumi, shi nake saya wa shayi. So hana ganin laifi. Sai da daminar 2025 ta sauka na sayar ƙasa da yadda na saya, ga ƙwari sun fara ci.

Yanzu ranar da na zuba kaya nake rubuta farashin da zan sayar, ko ya hau ko ya faɗi, kafin zuciya ta shaƙu da su, sannan ina zuwa takanas wurin wanda ra'ayinsa ya saɓa wa nawa in saurare shi har ƙarshe.

Na biyu shi ne tsoro. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp, daga mutumin da ba ku san ko sunansa ba, sai ku ɗora buhuna a amalanke tun kafin a yi sallar la'asar! Haba samari, wa ya kore ku? Ni sai na kwana da labari, na kira mutum ɗaya a kasuwar Gujungu da wani a kasuwar Maigatari waɗanda ba su san juna ba.

Kada ku ƙaryata mutum don kawai jam'iyyarku ba ɗaya ba ce. Maganar dillali kuma, ku fara tambayar kanku ko la'adarsa tana wajen saye ne ko wajen sayarwa.