Yadda ake auna ƙwazon makarantun sakandare a Sakkwato

Nemi sakamakon WAEC da NECO na shekaru uku a ofishin shugaban makaranta. Ƙidaya ɗaliban da suka samu kiredit biyar, wato A1 zuwa C6, har da Turanci da Lissafi. Raba da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar, ka ninka da 100.

Amma kada ka tsaya nan. Tambayi yawan 'yan ajin tun suna SS1, domin wasu makarantu kan hana masu rauni rajista don kasonsu ya hau. Kuma makarantar kwana ta cikin birni ba sa'ar ta jeka-ka-dawo a ƙauyukan Kware ko Wamakko ba ce, gwada kowacce da irinta. In sakamako ya yi tashin gwauron zabi cikin shekara guda, binciki satar amsa.