Ka ɗauki ƙauye ɗaya: yadda nake bin tarihin Falasɗinawa

Na yi shekaru ina koyar da tarihi, ina jero 1917 da 1948 da 1967 kamar mai hadda, har ranar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka ce an tashi ƙauyukan Falasɗinawa sama da 400 a yaƙin 1948. Faɗa mana sunan ɗaya." Na buɗe baki, shiru. Deir Yasin kaɗai ya zo mini, shi ma don kisan da aka yi a can ranar 9 ga Afrilun 1948 ne na san shi. Ban san sana'ar mutanensa ba, ban san ina jikokinsu suke ba. Daga ranar na sauya hanya, kuma ita zan nuna maka: ka zaɓi ƙauye ɗaya tak, ka bi shi tun daga sunansa har zuwa inda zuriyarsa suka watsu.

Dalilin yin haka yana bakin Falasɗinawan kansu. Ka tambayi saurayin da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Ain al-Hilwa a Labanon ko na Baƙa'a a Jodan, "Daga ina kake?" Sau da yawa sunan ƙauyen kakansa zai ba ka, ƙauyen da bai taɓa takawa ba, wanda watakila ma babu shi a taswirar yau. A Ain al-Hilwa har unguwanni ake kira da sunayen ƙauyukan Galili da aka baro, irin su Safsaf da Saffuriyya.

Wajen zaɓe ba za ka sha wahala ba. Masanin tarihi Walid Khalidi da abokan aikinsa sun fitar da wani babban kundi a 1992 wanda ya bi ƙauyuka 418 ɗaya bayan ɗaya. Ni Lifta na ɗauka, wanda ke kan gangaren dutse a mashigar Birnin Ƙudus ta yamma, saboda yawancin ƙauyukan an baje su, shi kuwa gidajensa na dutse suna nan tsaye babu kowa a ciki. Ga mai fara koyo, abin da ido ke iya gani ya fi zama a kai.

Fara da suna, kuma kada ka raina wannan mataki. Ka rubuta shi da Larabci, ka rubuta shi yadda Turawan Birtaniya suka rubuta, sannan ka nemo sunan Ibranancin da wurin ke ɗauke da shi yanzu, domin bayan 1948 hukumomin Isra'ila sun kafa kwamitin raɗa wa wurare suna. Bisan ta koma Beit She'an, Saffuriyya ta koma Tzippori, Ain Haud ta koma Ein Hod, inda aka mayar da gidajen mazaunin masu zane-zane. Lifta kuwa za ka gan ta da sunan Mei Neftoah. Idan da suna ɗaya kake nema a intanet, rabin labarin za ka samu, kuma rabin ɓangare ɗaya.

Sai taswira. Birtaniya ta karɓe ƙasar daga Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1917 zuwa 1918, ta riƙe ta har watan Mayun 1948, kuma ma'aikatan safiyonta sun zana ta dalla-dalla, har da rijiyoyi da maƙabartu da gonakin zaitun. Shafin Palestine Open Maps ya ɗora waɗannan tsofaffin taswirori a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau, sai ka riƙa janye ɗaya kana ganin ɗaya. A nan nake so ka ɓata lokaci. Ranar da na fara gwadawa da Lifta na yi kusan awa biyu ban ɗaga kai ba: ga maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiyar gari da ɗan tafkin da aka gina mata, ga gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, ga babban titin mota yana wucewa ta sama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne faɗin filayen ƙauyen, waɗanda suka kutsa har cikin inda unguwannin yammacin Ƙudus suke a yau.

Ƙidaya tana da ɗan tarko. Birtaniya ta ƙirga mutane gida-gida sau biyu ne kawai, a 1922 da 1931. Alƙaluman ƙauyuka na 1945 da kowa ke ambata kiyasi ne aka ɗora kan na baya. Su ne suka ba Lifta mutum 2,550. Filaye kuma da dunam ake auna su, kuma dunam goma ne kadada ɗaya.

Maganar fili ita ce mai ƙashi. Kalmar da za ka yi ta cin karo da ita ita ce kushan, wato takardar mallakar ƙasa, wadda iyalai da yawa ke ajiye da ita har yau tare da tsohon mabuɗin gida. Asalinta dokar filaye ce da Turkawa suka kafa a 1858. Manoma da yawa sun ji tsoron rubuta sunansu, gudun haraji da ɗauka aikin soja, sai filayen suka shiga sunan attajiran birni. Haka iyalin Sursuƙ na Beirut suka mallaki makeken kwarin Marj Ibn Amir, daga baya suka sayar wa ƙungiyoyin Yahudawa 'yan Sahayoniya, manoman da suka gaji noman wurin kaka da kakanni aka ce su tashi. Don haka duk wanda ya ce maka "ai Falasɗinawa ne suka sayar da ƙasarsu", tambaye shi wa ya sayar, kuma nawa. Zuwa 1947 abin da ke hannun Yahudawa bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙasar ba, alhali ƙudurin rabawa mai lamba 181 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar ranar 29 ga Nuwamban shekarar ya ware wa ƙasar Yahudawa kusan kashi 55.

Yanzu nemo ranar tashi, kuma ka ajiye ta kusa da 15 ga Mayun 1948, ranar da sojojin ƙasashen Larabawa suka shiga yaƙin. A Lifta, 'yan bindigar Sahayoniya sun buɗe wuta a gidan shan gahawa na ƙauyen a ƙarshen Disambar 1947, suka kashe mutane, kuma kafin watan Fabrairu ya fita gari ya zama kufai. Ka ga ke nan wata uku kafin wannan rana. Mutum sama da 200,000 sun riga sun bar gidajensu kafin lokacin, cikin kusan 750,000 da Nakba, wato bala'in tarwatsa Falasɗinawa a 1948, ta raba da muhallinsu. Ka karanta labarin tsofaffin da abin ya faru a idonsu, ka kuma karanta masanan Isra'ila irin su Benny Morris da suka tono takardun gwamnatinsu bayan an buɗe su a shekarun 1980. Za ka tarar sun saɓa a kan dalili da niyya, amma a kan cewa an hana mutanen komawa babu gardama, duk da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 194 na Disambar 1948 da ya ce a bar mai so ya koma.

Mataki mafi wuya shi ne bin mutanen. Ƙauye ɗaya, amma jikokinsa na iya riƙe takardu iri huɗu ko biyar. Wasu mutanen Lifta ɗan taƙi kaɗan suka matsa zuwa gabashin Ƙudus, bayan mamayar Isra'ila ta 1967 aka ba su shuɗin katin zama, wanda ba na ɗan ƙasa ba ne kuma ana iya ƙwace shi. 'Yan uwansu na Ramallah suna da koren kati, na Amman suna da fasfon Jodan. Da Labanon suka faɗa, da sun tarar an hana su sana'o'i da dama da mallakar gida. Akwai kuma waɗanda ba su tsallake iyaka ba amma dokar Isra'ila ta 1950 ta ƙwace dukiyarsu a matsayin "waɗanda ba sa nan", ga su kuwa a tsaye. Iyalin mawaƙi Mahmud Darwish na ƙauyen al-Birwa da ke kusa da Akka sun ɗanɗana wannan bayan sun lallaɓo sun dawo daga Labanon.

Gargaɗi biyu daga kuskurena. Kada ka ɗauka sunan Bafalasɗine a 1948 aka fara jin sa, ko da kafa PLO, ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, a 1964. Tun 1911 ake buga jaridar Filastin a Yafa, kuma wanda ya kafa ta, Isa al-Isa, Kirista ne. A boren 1936 zuwa 1939, wanda ya fara da yajin aikin wata shida, mutanen birni suka ajiye jar dara suka yafa kufiyya, wato mayafin kai na manoma, don sojan Birtaniya ya kasa bambance ɗan tawaye. Na biyu, kada ka mayar da labarin na Musulmi zalla. Idan ka gama da ƙauyenka na farko, ɗauki Iƙrit, ƙauyen Kiristoci a arewacin Galili. A ƙarshen 1948 sojan Isra'ila suka ce su fita na mako biyu. Kotun ƙolin Isra'ila ta yanke hukuncin su koma a 1951, sai soja suka rusa gidajen a jajibirin Kirsimetin shekarar, suka bar coci da maƙabarta.

In ƙauyen da ka zaɓa yana cikin waɗanda aka baje aka dasa daji a kansu, koma kan hoton tauraron ɗan'adam ka matso da shi sosai. Nemi layin wata shuka mai faffaɗan ganye da ƙaya, wadda manoma ke shinge da ita, suna ce mata sabr, kalmar da a Larabci ke nufin haƙuri. Ko an sare ta tana sake tsirowa daga saiwa, kuma inda ka ga ta yi layi miƙaƙƙe a tsakiyar dajin, nan iyakar gonar wani take. Gwada shi da layin da ke tsohuwar taswira, ka rubuta lambar filin.