Yadda ake haɗa babur mai lantarki don kafa tarihin gudu a filin gishiri

A wannan tsere babu abokin karawa a gefenka. Babur ɗaya ne ke shiga miƙaƙƙen layi, na'ura ta auna lokacin da ya ɗauka wajen ratsa mil ɗaya ko kilomita ɗaya bayan ya riga ya ɗauki gudu. Cibiyar harkar ita ce filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ta Amurka, kusa da garin Wendover, inda ake taruwa a watan Agusta. Ana kuma yi a busasshen tafkin El Mirage na Kalifoniya da tafkin Gairdner na Ostareliya. A 2011 babur ɗin kamfanin Lightning ya haura kilomita 340 a awa a Bonneville. A 2014 Eva Håkansson ta kafa tarihin kilomita 387 da KillaJoule, wanda ita da mijinta suka ƙera. A 2021 Max Biaggi ya kai Voxan Wattman kilomita 455 a kan titin saukar jirage na cibiyar sararin samaniya ta Kennedy a Florida.

Littafin doka kafin sifana

Kafin ka yanke ƙarfe ko ɗaya, ka zaɓi rukunin da za ka shiga, domin shi ne zai faɗa maka nauyi da siffar babur ɗin. Hukumar FIM mai kula da tseren babura a duniya tana kasa babura masu lantarki bisa nauyi: ƙasa da kilo 150, tsakanin 150 da 300, sai sama da 300. Sannan ana duba bodi: tsirara, mai rabin rufi, ko mai cikakken rufi wanda matuƙi ke shigewa ciki. Tsarin ƙidayar ma ya bambanta. A wajen FIM za ka je ka dawo ta kishiyar hanya cikin awa biyu, a ɗauki matsakaicin biyun. A wajen ƙungiyar SCTA mai shirya babban taron Bonneville kuwa, idan gudunka ya haura tarihin da ke ƙasa, sai a killace babur ɗin, washegari da safe ka maimaita. Wanda zai bi tsarin FIM dole ya tanadi cajar da za ta cika masa batir cikin waɗannan awa biyun, har da janareton da zai ɗauke ta a tsakiyar fili.

Lissafin iska

A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke ɓarnar kuɗi: su sayi inji mafi ƙarfi, su manta da iska. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuwa yana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa sau uku (gudu × gudu × gudu). Ma'ana, idan kana son ninka gudunka biyu, ƙarfi ninki takwas za ka nema.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauki rabin kaurin iska, ka ninka da ma'aunin turjiyar babur da matuƙinsa (lambar siffar bodi a ninke da girman fuskar gaba a murabba'in mita), ka ninka da gudu × gudu × gudu, a mita cikin daƙiƙa. A Bonneville, mai tsayin kusan mita 1,280 daga teku, kaurin iska a zafin rana yana kusa da kilo 1 a kowace kubik mita. Babur ɗin tsere da matuƙi ya kwanta a kansa sosai yana da ma'aunin turjiya wajen 0.30. A kilomita 240 a awa, iska kaɗai za ta ci kilowat 44. A kilomita 320, wato mita 89 a daƙiƙa, za ta ci kilowat 105. Ka ƙara abin da taya ke sha a gishiri da abin da ke salwanta a sarƙa da inbata (na'urar da ke sarrafa wutar batir zuwa inji), sai ka ga kana neman kilowat 140 zuwa 150 daga batir. Amma idan ka gyara bodi ma'aunin ya sauko 0.20, waccan 105 ta koma 70. Ko ina aka duba, gyaran bodi ya fi ƙarin batir araha.

Saboda haka ka rage faɗin gaba, ka sa ƙafafu da gwiwoyin matuƙi su shige bayan rufi, ka tsawaita wutsiya gwargwadon abin da doka ta yarda. Sai dai ka kula kada faɗin gefen bodi ya yi yawa a gaba. Idan iskar gefe ta fi samun wurin turawa a gaban tsakiyar nauyin babur, kai zai riƙa karkata maimakon ya miƙe da kansa. Wani alfanu ga mai lantarki: siririyar iskar tudu tana rage wa injin fetur ƙarfi, injin lantarki kuwa bai san da ita ba, ragin turjiya kawai yake mora.

Batir

Gudu ɗaya a doguwar hanya bai cika wuce minti biyu ba. Kilowat 150 na minti biyu kilowat-awa 5 ne kacal, don haka yawan ajiya ba shi ne damuwa ba. Damuwar ita ce yawan wutar da batir zai iya amayarwa lokaci guda. Ka nemi ƙwayoyin da aka yi don ƙarfin fitarwa, kamar Molicel P42A mai ampiya-awa 4.2, wadda ke iya ba da ampiya 45. Idan ka jera rukuni 96 a layi, za ka samu bolt 403 a cike. A kowane rukuni ka haɗa ƙwaya 12 gefe da gefe. Jimilla ƙwaya 1,152 ke nan, nauyinsu wajen kilo 80 kafin a sa akwati da tagullar haɗi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne faɗuwar bolt. A ce turjiyar cikin batir gaba ɗaya om 0.12 ce. Da zarar ka ja ampiya 400, bolt 48 sun tafi, kuma kusan kilowat 19 na komawa zafi a cikin akwatin. Injin da ka yi wa lissafi a kan bolt 400 yanzu yana aiki ne da 350, kuma a daidai ƙarshen hanya inda kake buƙatar komai. Shi ya sa ake ɗumama batir zuwa wajen digiri 35 ko 40 kafin tashi, domin ɗumi yana rage turjiyar ciki. Mahaɗar da ba ta ɗauru ba ita ce ta fara ƙonewa, don haka ka gwada batir da lodi a shago, ka bi kowace mahaɗa da kyamarar gano zafi.

Tsakanin batir da inbata ka sa fiyus na wutar DC daidai da bolt ɗinka, da manyan makunnai biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Kada ka manta da razista, wato abin da ke rage kwararar wuta, don cika kafasitoci, ƙananan ma'ajiyan wuta da ke cikin inbata. Idan ka jona batir kai tsaye ga inbata alhali kafasitocinta babu komai, wutar da za ta kwarara a ƙiftawar ido tana iya manne bakin makunnin, ya ƙi buɗewa a lokacin da rai ya dogara da shi. Razista mai om 100 a kan kafasita mai maikurofarad 500 tana gama aikin cikin rubu'in daƙiƙa. Igiyar da ake ɗaura wa matuƙi a hannu ita za ta katse makunnan idan ya faɗi. Bolt 400 yana kisa. Safar hannu ta masu aikin lantarki da kayan aiki masu rufi wajibi ne.

Giya da sanyaya

Giya ɗaya ta isa, sai dai a zaɓe ta da lissafi. Tayar baya mai lamba 190/55-17 tana da kewaye kusan mita 2. A kilomita 320 za ta juya sau 2,650 a minti, ka ƙara kashi 5 cikin ɗari na sulɓi, ya zama wajen 2,790. Idan injinka yana ba da cikakken ƙarfinsa a juyi 6,000, rabon da kake nema 2.15 ne, misali haƙora 20 a gaba, 43 a baya. Ka tafi da faifan haƙora daban-daban, domin gishirin bana ba na bara ba ne.

Lagireto yana buƙatar ƙofar iska, ƙofar iska kuma turjiya ce. A maimakonsa ana sa tankin ruwa da ƙanƙara da ƙaramin famfo. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya narke. Idan inji da inbata suna zubar da kilowat 12 na zafi tsawon daƙiƙa 120, kilo huɗu da ɗoriya ya wadatar, a zuba shida don kariya. Voxan busasshiyar ƙanƙara suka yi amfani da ita.

A kan gishiri

Gishiri ba kwalta ba ne, riƙonsa bai kai nata ba ko kusa. Injin lantarki kuma yana sakin ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, don haka taya za ta yi ta wulwulawa a banza idan ba a saita inbata ta riƙa sakin wuta sannu a hankali ba. Ana tsawaita ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ana kuma ɗaure dalma ƙasa-ƙasa gab da tayar. Nauyi a nan ba abin gudu ba ne matuƙar bai fitar da kai daga rukuninka ba, tunda akwai mil biyu ko fiye na ɗaukar gudu.

Masu duba babur za su nemi abin hana kai rawa, da murfin sarƙa, da bawul ɗin taya na ƙarfe, da notuna masu muhimmanci a ɗaure da waya, da tayar da aka amince da ita a gudun da kake nema, da rigar fata da hular kwano mai shaidar inganci. Ba kuma za a bar ka ka buɗe wuta ranar farko ba. A SCTA lasisi hawa-hawa ne, daga mil 125 a awa ana ƙara 25 har zuwa 200.

Bayan ka wuce na'urar ƙarshe, kada ka saki totur gaba ɗaya, kada ka taɓa birkin gaba. Ka kashe birkin da ke mayar da wuta cikin batir ko ka rage shi ƙwarai, domin yana iya kulle tayar baya a sulɓi. Ka sassauta a hankali, kada ka ɗago ƙirji sai gudu ya ragu.

Danshin gishiri yana ɗaukar wuta, yana kuma cin ƙarfe. Ka toshe kowace kafa ta akwatin batir, ka sa na'urar da ke lura da yoyon wuta zuwa jikin babur, ka kankare gishirin da ya taru ƙarƙashin madigadi bayan kowane gudu. Kafin ka biya kuɗin jigila, ka bibiyi rahoton yanayin filin: ruwa da lalacewar gishiri sun sa an soke babban taron Bonneville a 2014 da 2015 da 2022.