Kurakuran da aka fi yi idan an ɗauko kyanwa da jariranta

Kyanwar unguwa ta haihu a bayan tankin ruwa ko a cikin kango, tausayi ya kama ka, ka kwaso ta da 'ya'yanta ka kawo gida. Madalla. Sai dai daga nan ne ake fara yi musu illa, galibi kuma da kyakkyawar niyya.

Madara ake fara kawowa. Mun taso da jin cewa ita ce abincin mage, don haka sai a dama ta gari ko a zuba nonon shanu a murfin kwano. Cikin mage ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu yadda ya kamata, zawo ne ke biyo baya. Jaririn da aka haifa da nauyin giram 100 kacal kuwa, zawon yini ɗaya ya isa ya tafi da shi. Muddin uwar na shayarwa, kada ka ba jariran komai sai sun kai mako 4. Ita za ka ciyar, domin mai shayarwa kan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Ragowar tuwo ba zai riƙe ta ba, balle miyar da ke cike da albasa da tafarnuwa, masu lalata jinin mage. Dafaffen kifi da aka zare wa ƙaya, nama, dafaffen ƙwai ko abincin mage na kanti, sai ruwa mai tsabta a kusa da ita.

Sai maganar makwanci. Kwali da tsumma mai laushi a lungun da babu hayaniya sun wadatar. Abin da ke ɓata lamarin shi ne yara, kowa na son ya leƙa, ya ɗaga. Maganar da ake yi cewa in an taɓa jariri uwar za ta ƙi shi ba ta da tushe, amma yawan damu zai sa ta kwashe su da baki ta kai inda hannunka ba zai isa ba. A bar su su buɗe ido, wajen kwana 7 zuwa 10. Daga mako 2 zuwa 7 ne lokacin da ya kamata a riƙa ɗaukar su kaɗan-kaɗan don su saba da mutane. Kuma kafin mako 3 ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu: a hunturu kada a ajiye kwalin a kan siminti, kada a yi musu wanka.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na magani. Mage ta yi lamo, sai wani ya ɓallo rabin paracetamol ya ɗura mata. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar kyanwa. Haka masu fesa fiya-fiya a ɗakin don korar ƙuma, ko masu shafa mata maganin kaskar kare mai sinadarin permethrin, duka guba ne gare ta. Ƙuma a jikin jariri da mataji mai ƙananan haƙora ake cire ta. Maganin tsutsar ciki kuwa a bar wa likitan dabbobi ya auna. In nonon uwar ya kumbura ya yi zafi, ko wani jariri ya ware gefe yana ta kuka ba ya kama nono, a ranar za a kai su, ba sai gobe ba.

Mutane kan yi gaggawar rabar da 'ya'yan da zarar sun fara tafiya. A bari su cika mako 8 aƙalla a wurin uwarsu. Ita kuma kada a sake ta waje, don muzuru na iya yi mata ciki tun ba ta yaye waɗannan ba. Bayan yaye a kai ta a yi mata aikin hana haihuwa, a yi wa 'ya'yan allurar rigakafin ciwon haukan kare idan sun kai mako 12.